Bunu Tiyo da Gwiwar Tagulla

Duk wanda famfonsa ya taɓa yoyo a garin Diffa ya san Bunu. Sunan mahaifinsa Ari, amma ba mai ce masa Bunu Ari. Bunu Tiyo ake kiransa, shi ma da haka yake amsawa, har a ƙofar masallaci. Gajere ne kakkaura, mai faɗin ƙirji, kullum da jakar buhu a kafaɗa, ƙarafa suna ƙara a cikinta. Kafin ka gan shi ka ji jakar, kafin ka ji jakar kuma ka ji bakinsa, don Bunu in ya fara zance sai dai ka nemi inuwa ka zauna.

A Geskeru aka haife shi, gidan manoman tattasai. Mahaifinsa ya so ya riƙe fartanya, shi kuwa idonsa na kan injin ban-ruwa da ke tari a bakin kogin Komadugu. Kafin ya cika shekara goma sha biyar ya kwance injin gidansu sau uku. Sau biyu ya mayar da shi daidai, sau ɗaya ya sha duka. Daga nan manoma suka fara aikowa a kira shi, yau inji ya ƙi tashi, gobe tiyo ya fashe, har sunan ya manne masa. Da tashin hankali ya iso kwarin a shekarar 2015, aka bar gonaki, aka hana hawa babur, Bunu ya tattara matarsa Kellu da jakarsa ya shigo Diffa. Ya iske gari ya cika maƙil da baƙi, ƙungiyoyin agaji suna gina famfuna da banɗakuna ko'ina, masu gyara kuwa ba su kai yatsun hannu ba. Ya ce wanda ya iya injin ban-ruwa ai famfon banɗaki wasan yara ne a wurinsa. Gaskiyarsa ce, amma da ya bari wani ya faɗa da ya fi daɗin ji.

Yana da hanyar aikinsa. In ya zo gidanka ba ya tambayarka abin da ya lalace. Sai ya fito da guduma ya ƙwanƙwasa tiyo, ya kanga kunne, ya lumshe ido, sannan ya gaya maka inda ciwon yake. Tiyon roba kuwa ya raina shi matuƙa, yana sa shi ne kawai don shi ake samu a kasuwa. "Roba ba ta da murya," in ji shi. "Ka buga ta, ta yi maka shiru kamar ta ci bashin wani."

Akwai wata al'ada ta masu gyaran famfo wadda Bunu ya riƙe da hannu biyu: abin da aka cire na mai gyara ne. Tsohon kan famfo, guntun tiyo, ƙusa, duk abin da sabo ya maye gurbinsa, jakar mai gyara yake shiga, ba sai an tambaya ba. Sauran abokan sana'arsa suna kai nasu wurin masu awon tsohon ƙarfe. Bunu bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Nasa na surukinsa ne.

Malam Fannami, mahaifin Kellu, maƙeri ne daga ƙetaren kogi, ɓangaren Najeriya. Ranar da suka gudo, wasu sun ɗauko tabarmi, wasu tukwane, shi kuwa ya ƙetaro ruwa da zuga-zuginsa na fatar akuya a ka da masaba a ɗamara. Ya zauna a Asaga tare da sauran waɗanda suka baro gidajensu, ya kafa rumfar zana, ya hura gawayi, ya ci gaba da ƙira kamar ba abin da ya faru. Tsoho ne dogo siriri, maganarsa a ƙirge take. Bunu ya so ya dawo da shi cikin gari, ya ƙi. Ya aika masa da buhun shinkafa ta hannun Kellu, buhun ya dawo da saƙo cewa shi maƙeri ne, ba majinyaci ba. Amma ranar da Bunu ya kai masa wani tsohon kan famfo, sai tsoho ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya ce madalla. Tun daga ranar Bunu ya gane ƙofar. Tarkace ba sadaka ba ne, aiki ne. Da su tsohon yake ƙera zobba da mundaye da ludaya, ya aika kasuwa, ya ci guminsa.

Abin dariyar shi ne ka ga Bunu a gaban surukin nan. Kunyar suruki a wurin Barebari ba abin wasa ba ce, Bunu kuwa ya ƙara mata gishiri. Tun daga nesa yake tuɓe takalmi. Ya durƙusa a bakin rumfa, ido a ƙasa, ya fara gaisuwa: kwana, gajiya, iyali, zafi, aiki, sannan a sake komawa kan kwana. Shekara goma sha biyu da auren Kellu bai taɓa cin abinci a gaban tsohon ba, bai taɓa ɗaga murya ba, ko gefen rigarsa bai taɓa shafa ba. Mutumin da ke cika kasuwa da surutu, a nan sai ka matso kafin ka ji abin da yake cewa. Yana tsoron tsohon, yana kuma ƙaunarsa ƙwarai, musamman tun da nasa mahaifin ya rasu.

Wata Alhamis aka kira shi wani ƙaramin asibitin kuɗi a cikin gari. Kwamin wanke hannu na ɗakin gwajin jini, wanda suke kira labo, ya toshe. Bunu ya durƙusa ya leƙa ƙasan kwamin, sai ya yi kabbara. Lanƙwasasshen tiyon nan da ke ƙarƙashi, wanda masu gyara ke kira gwiwa, ba na roba ba ne. Tagulla ce zalla, irin ta da, mai kauri, wadda yanzu ko da fitila ba ka samunta. Abin nema ya samu!

Da wata gwiwar ce, da ya ba ta guduma biyu uku ta saki. Wannan kuwa bai so ko tabo ya same ta ba. Ya ɗiga mata mai, ya jira, ya naɗe ta da tsumma, ya dinga lallaɓa ta da hannu kaɗan-kaɗan har ta kwance. Cikinta ya yi wani ɓawo baƙi-baƙi mai ɗan ja. Ya ce dattin shekaru ne, wuta za ta cinye shi. Ya sa musu gwiwar roba, ya naɗe tasa cikin tsumma ya rungume ta a hammata, bai ma yarda ta shiga jaka ta gogu da sauran ƙarafa ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya kai ta Asaga. Da aka gama doguwar gaisuwa ya tura ƙunshin a hankali.

"Baba, wani ɗan tarkace ne na tsinta."

Malam Fannami ya buɗe, ya auna nauyinta a tafin hannu. Bunu ya saci kallo ya ga fuskar tsohon ta saki.

"Wannan ta zamanin da ce," in ji shi. "Bari ta sha rana ta bushe. Litinin bayan azahar in sa ta wuta ta yi laushi, in buɗe ta. Munduwa biyu za su hita. Guda ta Kubra ce."

Kubra ita ce 'yar Bunu, shekararta shida. Ya dawo gida ranar yana tafe yana murmushi shi kaɗai, har masu shayi suka tambaye shi ko kwangila ya samu.

Ranar Litinin da rana tsaka wayarsa ta yi ƙara. Daga asibitin nan ne, ana nemansa yanzu-yanzu. Ya tafi yana gunaguni, don ya tabbata aikinsa ba ya zuba. A ƙofar labo ya iske wata mata da farar riga, wadda bai gani ba ranar Alhamis. Madam Karima ce, mai gwajin jinin asibitin, 'yar Damagaram. Ta yi mako biyu can wajen wani horo kan kiyaye haɗari a ɗakin gwaji, ranar ta dawo aiki. Ko gaisuwarsa ba ta tsaya amsawa ba.

"Malam Bunu, gwiwar da ke ƙarƙashin kwamin nan, ina ta ke?"

"Ga ta nan sabuwa, Madam. Ko ɗigo ba ta yi."

"Ba sabuwar ni ke tambaya ba. Tsohuwar."

Bunu ya gyara tsayuwa. Ya ɗauka sata ake jingina masa, ya buɗe baki zai karanta mata dokar masu gyara tun daga farkonta. Ta ɗaga masa hannu.

"Ba cewa na yi ka ɗauki abin wani ba. Da guduma ka cire ta?"

"A'a, da hannu."

"Alhamdu lillahi!" Ta dafe ƙirji. "Allah ya yi da sauran kwananka. Zo ka gani."

Ta buɗe firij ta ɗauko wata 'yar kwalba da ba ta fi babban yatsa ba.

"Wannan ruwan da shi mu ke gane rukunin jinin mutum. Don kada ya lalace, masu yin shi suna sa mishi wani gishiri ɗan kaɗan, sunanshi azotir na sodiyom. Fari ne kamar gishirin miya, ba ya wari, yana narkewa cikin ruwa. Amma dahi ne, shi ya sa ƙwayar cuta ba ta rayuwa a cikin kwalbar."

"To ni ai ban sha ba, Madam."

"Ka saurara, don Allah!"

Ya saurara, abin da ba kasafai yake yi ba. Ta ce masa ya san azot, sinadarin nan da ke cikin takin tattasai, wanda kuma shi ne mafi yawan iskar da muke shaƙa. To a cikin gishirin nan azot uku ne aka jera a ɗaure, kamar awaki uku a igiya ɗaya, kowacce na son ta tsinke ta gudu ta koma iska. Muddin suna tare da sodiyom suna da ladabi, sai an gasa su da zafi sosai suke tsinkewa. Ta ce a tsofaffin motoci ma shi ne ake sawa ya hura jakar iskar nan ta sitiyari in an yi karo, kafin ƙiftawar ido. Amma in gishirin ya haɗu da jan ƙarfe ko darma, sai ya saki sodiyom ya kama su, ya zama wani abu dabam. Wannan sabon abin ba ya narkewa, ruwa ba ya wanke shi, sai dai ya manne a jikin ƙarfe yana taruwa shekara da shekaru. Shi kuma ba ya da haƙuri ko kaɗan. A buge shi, ko a kankare shi, ko ya ji wuta, sai ya tashi gaba ɗaya.

"Tagulla kuwa," in ji ta, "yawancinta jan ƙarhe ne. Ka hi ni sani."

Ta juya kwalbar ta nuna masa ƙananan rubutun Faransanci a bayanta.

"Nan an ce in an zubar a bi shi da ruwa mai yawa. Ruwa mai yawa! A labon da famfo ke yini bai zo ba, da buta mu ke wanke hannu. Shekara tara muna zuba ragowar a kwamin nan, yana kwana cikin gwiwar. Ni kaina ban sani ba sai makon jiya. Da malamin horon ya faɗa, kwamin nan kawai na tuna."

Bunu ya dubi ƙasan kwamin.

"Madam, in ya tashi... kamar yaya?"

"Ba ya tada gida. Mai yiwuwa ma bai taru da yawa ba, ba wanda ya sani. Amma in ya taru, gwiwar ce za ta tarwatse. Wanda ke riƙe da ita, ko ya sunkuya a kanta, yatsunshi da idanunshi sai abin da Allah ya yi. In ta bushe kuma ta hi haɗari. Ina ka aje ta?"

Daidai lokacin ladanin unguwa ya ɗaga murya yana kiran azahar. Yatsu da ido! Maƙeri me ya mallaka in ba su ba?

"Tana Asaga," ya ce. "Wurin surukina. Maƙeri ne. Yau za ya sa ta wuta."

Madam Karima ta yi salati da ƙarfi. Malam Fannami ba ya riƙe waya, ya ce ba ya magana da wanda bai gani ba. Bunu ya kira Amarya, maƙwabciyar tsohon, wayarta a kashe. Ya sake kira, a kashe.

"Tahi!" in ji Madam Karima. "Kada kowa ya taɓa ta, kada a jehe ta, kada a kankare. Ka janye mutane kawai. Ni zan gaya ma mai asibiti mu sanar da soji mu biyo ka."

Bunu ya yar da jakarsa a tsakar labo, abin da bai taɓa yi ba, ya fita da gudu. Da zamanin babur ne da tuni ya yi nisa. Ya kai bakin kwalta yana haki, sai ga wani direba da ya sani, Liman, da tsohuwar a-kori-kurarsa, ya ɗauko buhunan wofi zai kai gonakin tattasai. Bunu ya tsaya a tsakiyar hanya ya buɗe hannuwa. Kafin motar ta gama tsayawa ya shige gaba.

"Asaga! Liman, taka ta, don girman Allah!"

"Kai, Tiyo, lahiya? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu tukuna. Taka!"

Liman ya taka. Motar ta yi kuka, ta yi tari, ƙofar gefen Bunu tana buɗewa da kanta yana riƙe ta da hannu. Ya ba Liman labari a guntule, Liman ya ƙara taka ta har buhuna suka fara tashi daga baya ɗaya-ɗaya, ba wanda ya waiwaya. Bunu yana lissafi a zuci. Tsoho zai yi alwala, ba ya gaggawa. Zai yi salla, zai ja carbi. Sannan ya hura gawayi. Gawayi kuwa ba ya kamawa nan take. Ya Allah ka sa gawayin ya jiƙe! Ya Allah ka sa wani ya zo masa da doguwar gaisuwa!

A shingen soji na bakin gari suka iske motoci uku a gabansu. Bunu ya dinga bubbuga ƙafa. Da aka zo kansu sojan ya karɓi katin shaidarsu ya duba, ya dubi Bunu da zufa ke zuba a fuskarsa.

"Kai, mi ya same ka?"

Bunu ya buɗe baki. Liman ya taka masa ƙafa da ƙarfi. A wannan yanki, mutum ya tsaya gaban soja ya ce yana sauri ne saboda akwai abin fashewa a rumfar surukinsa, kuma shi ya kai masa, ai sai dai iyalinsa su ji labari. Baki shi ke yanka wuya.

"Tsohona ne," in ji Bunu. "Yana cikin haɗari. In na makara ban san yadda zan iske shi ba."

Sojan ya ƙara dubansa, ya miƙa musu katin, ya ɗaga igiya.

"Allah ya ba shi lahiya."

"Amin!" Bunu ya faɗa da ƙarfin da ya sa sojan ya ja da baya.

Suna isa Asaga ya hango hayaƙi siriri yana fita daga rumfar zana. Bai jira Liman ya tsaya ba. Ya dira, ya faɗi, ya tashi, ya ruga tsakanin bukkoki, kaji suna watsewa. Wasu dattawa huɗu suna zaune a inuwa kusa da maƙerar, sun fito daga salla. Suka ga surukin Malam Fannami ya wuce su kamar iska, ba sallama, da takalmi a ƙafarsa.

Tsoho yana zaune a kan buzunsa. Gwiwar tagulla tana kwance a kan gawayi, yanzu ya ɗora ta. Ya sunkuyo, fuskarsa a kanta, hannuwansa biyu a kan zuga-zugi, ya fara bugawa: fuf, fuf, fuf.

Bunu ya so ya yi magana. Shekara goma sha biyu na ladabi suka tokare masa maƙogwaro, ko kalma ɗaya ta ƙi fita. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya faɗa cikin rumfar, ya zura hannu ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyin tsohon, ɗaya a bayansa, ya ɗauke shi cak, ya juya ya fita da gudu.

"Kai! Kai! Wane ne? Sauke ni!"

Hular tsoho ta faɗi. Ya gane wanda ya ɗauke shi, ya dinga dukan kafaɗarsa da hannu.

"Bunu! Ka haukace ne? Sauke ni, ɗan banza!"

"Ku tashi!" Sai yanzu muryar Bunu ta dawo, ta dawo kuma da dukkan ƙarfinta, yana yi wa dattawan tsawa. "Ku tashi daga nan! Ku ja baya! Ku janye yara!"

Dattawa suka watse, ba don sun fahimta ba, sai don sun tabbata mahaukaci ne. Bunu bai tsaya ba sai da ya kai bayan wani tarin buhunan yashi da aka jibge don gini. Nan ya sauke surukinsa, ya danne shi ƙasa, ya rufe shi da jikinsa.

Shiru.

Ba abin da ya faru. Kaza ta yi kuka. Hayaƙi yana ta fita daga rumfa a hankali kamar kullum. Mutane suka fara fitowa daga bukkoki suna leƙe, Amarya ta riƙe baki. Ga Malam Fannami, dattijon da ko yara ba sa gudu a gabansa, kwance cikin ƙasa ba hula, mijin 'yarsa a kansa. Bunu ya ji numfashin tsohon a ƙarƙashinsa, numfashin fushi. Ya tuna Madam Karima ta ce mai yiwuwa ma bai taru ba. In haka ne fa? Ina zai sa kansa? Da wane ido zai dubi Kellu? Kunya ta rufe shi har ya ji da ma ƙasa ta tsage.

"Ɗaga ni," in ji Malam Fannami, a hankali, kuma wannan ya fi tsawar tsoro. "Ɗaga ni in ga abin da..."

Tau!

Ƙarar ta tsaga wurin. Garwashi ya yi sama ya watsu, zanar rumfa ta yage, wani abu ya wuce da fito ta saman buhunan yashi. Mutanen Asaga sun san irin wannan ƙara, ita ta raba su da gidajensu. Mata suka suri yara, maza suka kwanta a ƙasa, wasu suka nufi daji. Liman ne ya hau bayan motarsa yana ɗaga hannu yana ihu: "Ba hari ba ne! Ku dawo! Tiyo ne ya fashe! Tiyo ne!" Aka yi rububin kashe zanar da ta kama wuta da yashi da ruwan buta.

Ba a jima ba sai ga motar asibiti da ta soji a bayanta. Ba don Madam Karima ba da ranar ta yi wa Bunu da tsohon tsawo. Ta fito da 'yar kwalbarta da takardun horonta, ta yi bayani da Faransanci, ta sake da Hausa, wani ya mayar da Barbarci, har shugaban sojin ya gyaɗa kai ya rubuta abin da zai rubuta. Daga baya an rufe labon sai da masana suka zo suka kula da sauran tiyon da ke cikin bango. Bunu kuwa ya bi abokan sana'arsa ɗaya-ɗaya yana gaya musu kada wanda ya ƙara kai guduma kan tiyon ɗakin gwaji, ko ya sa shi a jaka, sai ya tambaya. A karon farko surutunsa ya yi rana.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, da motoci suka tafi, mutane suka ragu, Malam Fannami ya taka a hankali ya shiga abin da ya saura na rumfarsa. Zuga-zugin da ya ƙetaro kogi da su sun huje a wuri uku, daidai inda hannuwansa suke ɗazu. Wani guntun tagulla ya nutse cikin turken rumfa, a tsayin fuskar mutumin da ke zaune. Tsoho ya daɗe yana dubansa. Sannan ya kakkaɓe buzunsa ya zauna.

Bunu yana can waje. Ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa, ya kasa matsowa. Hawaye yake yi sosai, bai ma damu da masu kallo ba.

"Baba, ni na kawo maka ita. Da hannuna na kawo maka. Ka yahe mini."

Wani ya miƙo wa Malam Fannami hularsa, ya karkaɗe ta ya sa, ya gyara mata zama.

"Bunu."

"Na'am, Baba."

"Ɗazu ka shigo ba ka gaishe ni ba. Matso ka gaishe ni."

Bunu ya ja gwiwa ya matso bakin rumfa. Ya buɗe baki, gaisuwar da ya saba jerowa ba tuntuɓe ta watse masa. Ya nemi kwana ya rasa, ya nemi gajiya ya rasa. Da ƙyar ya tattaro guda ɗaya.

"Baba... ina jiki?"

Tsoho ya ɗaga hannuwansa biyu a gaban fuskarsa, ya ware yatsun. Ya juya su ciki, ya juya su waje, yana dubansu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya miƙa su wajen Bunu.

"Ga shi nan," ya ce. "Duka."